Python Anghelo da Injin Finbol: Zanen Wane Ne, Wasan Kuma na Wane?

Duk wanda ya yi zamani da kwamfutoci masu Windows XP a shagunan buga takardu da na intanet zai tuna wani wasa da ake latsa maɓalli biyu ana tare 'yar ƙwallo kada ta zurare ƙasa. Sunansa Space Cadet, kuma ta nan yawancinmu muka san wasan da Turawa ke kira pinball, wanda za a rubuta finbol a nan. Asalin wasan ba na kwamfuta ba ne. Inji ne na katako da gilashi mai ƙafa huɗu, tsawonsa ya kai na ƙaramin gado, ana jefa masa kwabo kafin ya saki ƙwallo.

A shekarar 2018 tsofaffin injinan finbol na kamfanin Williams na Amurka suka sake jawo magana. A ƙarshen watan Yuni lasisin da kamfanin FarSight ke da shi na sayar da kwafinsu a waya da kwamfuta ya ƙare, sai kamfanin Zen Studios na ƙasar Hangari ya karɓa. Da sababbin kwafin suka fito, masu wasa suka ga an taɓa zanen: an goge sigari daga bakin wani, an ƙara wa wata sutura, gwangwanin giya ya koma na lemo. Nan aka shiga tambaya. Wa ke da ikon gyara zanen da wani ya yi shekara ashirin ko talatin da suka wuce? Mai zanen fa, ina matsayinsa? Rayuwar aikin Python Anghelo, ɗaya daga cikin sanannun masu zanen Williams, ta isa a bi diddigin amsar, ko da yake ba zanensa aka fara taɓawa a lokacin ba.

Sassan injin da masu aikinsa

Wurin zane a jikin injin uku ne. Na farko filin wasa, wato faifan katakon da ke kwance a ƙarƙashin gilashi, a ɗan karkace wajen digiri shida da rabi domin ƙwallon ƙarfe ta riƙa gangarowa. Na biyu gilashin goshi, wanda ke tsaye a kan injin yana fuskantar jama'a, da fitilu a bayansa. Na uku jikin akwatin, hagu da dama. A gindin filin akwai mabugai biyu da mai wasa ke motsawa da yatsunsa.

Aikin ma kashi-kashi ne. Mai tsara wasa shi ke yanke inda kowace hanya za ta bi, inda za a kafa abin hari, da yadda ƙwallo za ta dawo wa mabugi. Yakan fara da farin katako wanda babu ɗigon fenti a kansa, a yi ta gwaji har bugu ya yi daɗi. Mai rubuta manhaja ya saka dokoki da lissafin maki, mai sauti ya saka kiɗa da murya. Mai zane bisa al'ada shi ne na kusa da ƙarshe: a miƙa masa fili da an riga an huhhuda shi, a ce ya yi masa riga.

Rigar nan tana da aiki biyu. Gilashin goshi shi ne mai kiran kasuwa. A ɗakin da inji ashirin ke jere, kowanne na ƙara, zanen ne zai sa mutum ya tsaya a gaban wannan ya bar wancan. Zanen fili kuwa shi ne malami, domin babu mai tsayawa karanta dokoki. Kibiya ja, layin fitilu da fuskar da ke kallon wata kusurwa su ke gaya wa baƙo inda zai harba.

Yadda sana'ar take kafin zuwansa

Shikago ce cibiyar sana'ar tun shekarun 1930, a can kamfanonin Gottlieb da Bally da Williams suka yi zamaninsu. Farkon injinan ba su da mabugai, ƙwallo ce kawai ke gangara ta faɗa inda ta faɗa, shi ya sa hukumomi suka ɗauke su caca. A 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta su, 'yan sanda suka yi ta kwashewa ana farfasawa da guduma. A 1947 Gottlieb ya fito da Humpty Dumpty, injin farko mai mabugai, amma haramcin bai tashi ba sai 1976, bayan wani gwanin finbol mai suna Roger Sharpe ya buga wasan a gaban majalisar birnin don nuna cewa gwaninta ce, ba sa'a ba.

A tsawon wannan zamani masu zane irin su Roy Parker da George Molentin sun yi ɗaruruwan injina, amma mai wasa bai san sunansu ba. Yawancin aikin ma ba a cikin kamfanonin finbol ake yin sa ba, kwangila ake bai wa gidajen bugu kamar Advertising Posters na Shikago. Sai a shekarun 1970, lokacin Dave Christensen da Paul Faris a Bally, aka fara danganta inji da hannun wanda ya zana shi.

Hanyar bugun ma ta ɗaure mai zane. Da rariyar siliki ake yi, irin wadda masu buga riguna ke amfani da ita, kowane launi da tasa rariyar. A bayan gilashi ake shafa fentin, saboda haka komai a juye ake tsara shi: baƙin layi da farko, sai launuka ɗaya bayan ɗaya, sai fari, daga ƙarshe a rufe da wani shafi mai toshe haske, a bar tagogi inda ake so fitila ta ratso. Wato mai zane hoto biyu yake yi a gilashi ɗaya, na lokacin da fitila ke kashe da na lokacin da take kunne. A 1978 Bally ya kawo bugu mai haɗa launi huɗu a injin Lost World, wanda ya ba da damar inuwa da zurfi kamar hoton mujalla. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma aka koma buga hoton a falle na roba a saka shi bayan gilashi, saboda ya fi arha kuma ba ya ɓarewa kamar fenti.

Daga Romaniya zuwa Williams

An haifi Python Vladimir Anghelo a 1954 a yankin Taransilbaniya na ƙasar Romaniya, ya yi ƙaura zuwa Amurka yana ɗan shekara 17. Tarihin da aka saba bayarwa a kansa ya ce ya yi aikin zanen katun a Disney kafin ya koma Williams, kuma ya yarda da ragin albashi saboda yana ganin gaba tana wajen wasannin bidiyo. Ta ɓangaren bidiyon ya fara suna, da zanen akwatin wasan Joust na 1982, wanda mahaya ke gwabzawa a kan jiminai.

Lokacin finbol na cikin wani hali. Wasannin bidiyo sun kwashe kwabban matasa, masana'antu na rage ma'aikata. Injin Space Shuttle na 1984 ne ya fara dawo wa Williams da numfashi, sai Comet ya biyo a 1985, Barry Oursler ya tsara, Anghelo ya zana. An ƙera kimanin 8,100. Zanen filin Comet wurin shaƙatawa ne da aka hango daga sama, cike da 'yan ƙananan mutane kowa na harkarsa. Wannan cunkoso shi ya zama tambarin Anghelo: mai jiran layinsa ya zo yana da abin kallo, wanda ya buga sau hamsin ma zai iya gano wani ɗan mutum a lungu da bai taɓa lura da shi ba.

A 1986 ya zana goshin High Speed, wanda Steve Ritchie ya tsara, Mark Sprenger kuma ya zana filinsa. An sayar da sama da 17,000. A Cyclone na 1988 ya zaunar da shugaban Amurka na lokacin, Ronald Reagan, da matarsa Nancy a kujerar gaba ta jirgin lilo mai hawa da gangara.

Pin-Bot, inda aka juya tsarin

Injin da ya sa ake muhawara a kan matsayin Anghelo shi ne Pin-Bot na 1986, wanda aka ƙera kimanin 12,000. A nan ba a ba shi gamammen fili aka ce ya yi wa ado ba. Yadda aka ruwaito daga Oursler, hoton ne ya riga zuwa, aka gina wasan a kansa.

Wanda ya tsaya a gaban injin zai ga alamar haka. Filin gaba ɗaya jikin mutum-mutumi ne. Kansa na can sama, da wani marufi a kan idanunsa. Ƙirjinsa murabba'in fitilu ne, biyar a tsaye biyar a kwance, masu launi daban-daban. Duk harin da ka samu, fitila ta kama. In suka cika, sai marufin ya ɗaga a hankali, ramuka biyu su bayyana. Ka jefa ƙwallo a na farko ta zauna, ka jefa ta biyu a ɗayan, sai ƙwallayen nan biyu masu ƙyalli su zama idanunsa, ya yi magana da muryar inji cewa yanzu yana ganinka, sannan ya sako su tare. Gefe guda kuma kana tafiya daga duniyar Fuluto, kana ratsa sauran duniyoyi ɗaya bayan ɗaya har ka kai Rana.

A irin wannan inji ba za a iya raba doka da zane ba. In aka cire fuskar, ramukan biyu ramuka ne kawai. In aka cire ramukan, fuskar hoto ce kawai. Shi ya sa a kundayen masu tara tarihin finbol ake rubuta sunan Anghelo a layin masu tsarawa da kuma layin masu zane.

Bayan shekara biyar aka yi The Machine: Bride of Pin-Bot, wato amaryar Pin-Bot, a 1991, inda abin ya ƙara nisa. Kan amaryar akwati ne mai juyawa da fuska huɗu. Ƙwallo ɗaya a bakinta ta ba ta murya, biyu a idanunta su ba ta gani, daga nan ta rikiɗe ta zama mutum, a ji bugun zuciyarta, kuma mai wasa na iya cin maki biliyan ɗaya a bugu guda. Abin lura shi ne hoton goshin wannan inji John Youssi ne ya zana. Anghelo ya ba da tunani da tsari, wani ya riƙe burushi. Mutane da yawa na kiransa injin Python, alhali fentin da suke yabawa ba nasa ba ne.

Masu yabo da masu suka

Masu ɗaukaka Anghelo na cewa shi ya fitar da mai zane daga matsayin ɗan kwangilar ƙarshe ya zaunar da shi a teburin farko. Hujjarsu ita ce injinan da suka fi shahara a cikin nasa ba su jingina da wani fim ko mawaƙi ba. Mutum-mutumin Pin-Bot daga kansa ya fito, ya yi farin jinin da har aka mai da shi wasan Nintendo, aka kuma sake ɗora inji biyu a kansa, na ƙarshensu Jack-Bot a 1995.

Masu ja da wannan ba su musanta gwanintarsa ba. Abin da suke cewa shi ne inji ba allon bango ba ne, abin bugawa ne. Tunani komai kyansa sai an sami wanda ya san kusurwar da ƙwallo ke bi, kuma wannan aikin masu tsara wasa ne irin su Oursler da Mark Ritchie, da injiniyoyin da ba a cika ambata ba. Suna kafa hujja da amaryar kanta: gogaggun 'yan wasa sun daɗe suna kukan cewa hanya ɗaya ake ta maimaitawa a ci maki, har daga baya kamfanin Dutch Pinball na ƙasar Holan ya fito da kayan da ake ɗora wa injin a sauya masa dokoki, a bar fuskar yadda take.

Babbar hujjarsu ita ce Popeye Saves the Earth na 1994. An gina saman filin da siffar jirgin ruwa, abin sha'awa ga ido, amma ginin yana kare wa mai wasa ganin ƙwallo a sashen sama. Injin bai karɓu ba, an ƙera dubu huɗu da 'yan kai. A nan ya kamata a tuna wa ke sayen inji. Ba mai wasa ba ne, ɗan kasuwa ne da ke ajiye shi a mashaya ko ɗakin wasanni, ya zo ƙarshen mako ya buɗe akwatin kuɗi su raba da mai wurin. Zane na iya jawo kwabon farko. Na biyu da na goma sai in bugu ya yi daɗi.

In aka auna, kowane ɓangare na da inji da zai nuna. Pin-Bot na goyon bayan masu yabo, Popeye na goyon bayan masu suka, kuma mutum biyun nan ne dai, Oursler da Anghelo, suka yi duka biyun.

Akwai kuma wani aiki da ba a samu damar yanke masa hukunci ba. A 1994 Anghelo ya jagoranci The Pinball Circus, inji mai hawa-hawa a tsaye cikin akwati irin na wasan bidiyo, ƙwallo na hawa daga bene zuwa bene. Guda biyu kawai aka ƙera na gwaji, Williams ya fasa. Daga nan ya koma sashen finbol na kamfanin Capcom, ya yi aiki a kan Flipper Football, injin ƙwallon ƙafa, a 1996, shekarar da aka rufe sashen. Williams ma ya daina ƙera finbol a Oktoban 1999 ya mai da hankali kan injinan caca. Anghelo ya rasu a watan Afrilun 2014 bayan jinyar ciwon daji.

Wa ya mallaki zanen?

Yabo daban, mallaka daban, kuma nan ne ruɗanin 2018 ya samo asali. A dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976, abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne. A idon doka kamfanin ne ma mawallafin. Saboda haka haƙƙin injinan Williams ya bi kamfanin duk inda ya shiga: Scientific Games ya sayi uwar kamfanin a 2013, ya kuma sauya suna zuwa Light & Wonder a 2022. Mai son buga sabon goshin Pin-Bot ko saka shi a waya, wajen mai lasisi zai je, ba wajen mai zane ko magadansa ba.

Gyaran zane ma ba sabon abu ba ne, Anghelo ya gamu da shi tun yana raye. A Taxi na 1988, wanda ya yi da Mark Ritchie, direban tasi na ɗaukar fasinja biyar, cikinsu har da shugaban Tarayyar Sobiyet Mikhail Gorbachev da Pin-Bot da kansa. Ɗaya daga cikinsu 'yar fim ce, Marilyn Monroe. Da batun haƙƙin amfani da kamanninta ya taso, sai kamfanin ya sauya mata suna zuwa Lola, ya sauya launin gashinta. Har yau masu tara injina na tambayar mai sayarwa: naka mai Marilyn ne ko mai Lola?

Dalilin Zen Studios na daban ne, amma tushen ɗaya ne. Wasannin bidiyo a Amurka suna da matakin shekaru da ake manna musu, kuma sigari da giya da jini da tsiraici na iya ɗaga wasa daga matakin yara zuwa na manya. Kamfanin ya zaɓi ya tsare matakinsa. Masu goyon bayansa suka ce injinan nan an yi su ne don mashaya, yanzu kuwa sun shiga falo da hannun yara, kuma gyaran bai taɓa bugu ko doka ba. Masu adawa suka ce in ana tallar abu da sunan adana tarihi, to a nuna shi yadda yake, mai kyau da marar kyau, don wanda bai taɓa ganin injin gaske ba zai ɗauka abin da ke wayarsa shi ne asali. Daga baya aka ba masu wasa a kwamfuta zaɓin kunna zanen asali.

Abin da ya shafi mai wasa, mai gyara da mai zane

Ga mai wasa a waya, abu biyu ne. Hoton da yake gani na iya bambanta da na katako, kuma wasan na iya ɓacewa daga kasuwa ranar da lasisi ya ƙare, kamar yadda ya faru da FarSight: waɗanda suka riga suka saya sun ci gaba da bugawa, sabon mai saye kuwa ya tarar da ƙofa a rufe.

Ga mai tsohon inji, zanen ne sashen da ya fi wuyar mayarwa. Waya ta ƙone a sauya, roba ta tsinke a saka sabuwa, amma ƙwallon ƙarfe na cin fentin fili a hankali, musamman gaban mabugai da gefen fitilu, zafin ƙwan lantarki kuma na sa fentin gilashi ya tsattsage ya zube. Inji biyu masu suna ɗaya, shekara ɗaya, farashinsu na iya yin nisa da juna saboda lafiyar zane kawai. Wannan ya haifar da sana'ar sake buga fili da goshi da izinin masu lasisi, ya kuma haifar da wata gardamar tsakanin masu son asali ko da ya koɗe da masu son sabon bugu mai sheƙi.

Ga masu zane na yanzu, filin ya sauya. Injin The Addams Family na 1992, wanda aka gina a kan fim, ya sayar da sama da 20,000, adadin da babu injin mabugai da ya kai. Tun daga nan kamfanoni suka ƙara karkata ga fina-finai da mawaƙa da jaruman katun, kuma yawancin abin da kamfanin Stern Pinball ke fitarwa yau irin wannan ne. Mai zane a irin wannan aiki ba shi da 'yancin da Anghelo ya samu, domin kowace fuska sai mai lasisi ya duba ya amince. Allon bidiyo da ya shiga goshin inji, tun daga na kamfanin Jersey Jack a 2013, shi ma ya cinye wani sashe na wurin da a da fenti ne. A ɗaya hannun kuma, yanzu ana tallar sabon inji da sunan wanda ya zana shi, abin da Roy Parker bai samu ba.

Ɗaya daga cikin injinan Pinball Circus guda biyu yana gidan adana finbol na Pinball Hall of Fame a Las Vegas, inda ake jera injina don jama'a su jefa kuɗi su buga. Ɗayan yana hannun mai zaman kansa.